Yadda Na Ƙwato Hanyar Lambunmu Daga Ciyawa Ba Tare da Feshi Ba

Ranar da muka koma gidanmu na Wad Madani, a ƙasar Sudan, a ƙarshen watan Fabrairu na 2025, bayan wata goma sha huɗu muna zaune wurin dangi a Gadarif, abin da idona ya fara nema da na tura ƙofa shi ne hanyar da ta ratsa lambu, kuma ban gan ta ba. 'Yar siririyar hanya ce wadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya shata tun ina yaro. Ta tashi daga bakin zaure, ta bi tsakanin lemun tsami da gwaiba, ta karkata ta wajen famfo, sannan ta ƙare a rumfar da mu a nan muke kira rakuba. Tsawonta taku talatin da biyu ne, faɗinta bai cika mita ɗaya ba. Damina ɗaya tak gidan ya yi babu kowa a ciki, amma ciyawa ta kai gwiwa a wasu wurare, a wasu har ƙugu, ta bushe a tsaye da 'ya'yanta a ka, ta yadda baƙo ba zai taɓa yarda cewa ƙafar mutum ta shekara talatin tana bin wurin ba.

Akwai gargaɗin da ya wajaba in gabatar kafin maganar noma. Duk wanda ya koma gidan da aka bari saboda yaƙi, kada ya yi gaggawar cinna wa ciyawa wuta ko ya kafta diga a ƙasa sai ya duba wurin da kyau, domin ban da maciji da kunama, akan tarar da ragowar harsasai da abubuwan da ba su fashe ba. Wanda ya ga baƙon ƙarfe kada ya taɓa, ya nisanta yara, ya sanar da masu aikin kwashewa. Mu dai Allah ya kiyaye, kwana biyu muka yi muna bin lambun da dogon kara, ba mu tarar da komai ba sai saɓar maciji.

Shawarar farko da na samu ta fito daga wani matashi maƙwabcinmu, wanda ya leƙo ta katanga ya ce, "Yaya, me zai sa ka wahalar da kanka ga azumi ya ƙarato? A samo kwalba ɗaya ta maganin ciyawa a fesa, a huta." Ban ga laifinsa ba, haka kowa yake yi yanzu. Amma ni ina da dalilaina. Yarana uku a kan wannan hanya suke wasa babu takalmi, kajin uwargida a nan suke tono, kuma fangalin da Inna take shuka jirjir, wani ganyen salak, da kuɓewa kamu biyu ne tsakaninsa da gefen hanyar. Mu da muka tashi a Jazira, yankin noman da garinmu yake ciki, muna kallon jiragen feshi suna shawagi a kan gonakin auduga mun san warin magani tun kafin mu san sunansa, kuma ba na marmarin in kawo shi ƙofar ɗakin kwanana, balle irin wanda ake ɗurawa a gorar ruwa a sayar babu takarda babu bayani. Ban da wannan ma, maganin da aka fi sayarwa ta ɗanyen ganye yake shiga jikin tsiro, saboda haka fesa shi a kan busasshiyar ciyawa zubar da kuɗi ne kawai, irin da ya riga ya zuba a ƙasa kuwa ko a jikinsa.

Kawuna, ƙanen Inna, wanda ya yi shekara arba'in yana aikin hawasha, wato gonar ban ruwa ta Jazira, ya zo yi mana barka da dawowa a ranar ta uku. Ya zagaya lambun hannunsa a baya, ya tsuguna nan ya tsuguna can, ya tuge wannan ya sansana wancan, sannan ya ce, "Ɗana, abin da ya tsorata ka ba shi ne abin tsoro ba. Wannan dogayen duk yini ɗaya ne aikinsu. Abokan gabarka biyu ne, kuma duka biyun yanzu barci suke yi a ƙarƙashin ƙafarka." Yana nufin najil da sa'ida, wato waɗanda kakanninmu suke kira ƙiri-ƙiri da aya-aya. Na daɗe da sanin sunayen, amma sai a wannan shekara na san halinsu.

Dogayen da ya raina su ne ciyayin da ke rayuwar damina ɗaya su mutu, su bar iri. A hanyarmu akwai ƙarangiya, wadda Larabawan nan ke kira haskanit, akwai tsidau, akwai gude-gude da tuji, ga tafasa ta yi sanduna a jikin katanga. Waɗannan ba su da wata dabara face yawan 'ya'ya, don haka dukkan hikimar ita ce kada a bari 'ya'yan su ƙara zuba. Mun yanke su da lauje da sassafe lokacin da iska ba ta tashi ba, muna zubawa kai tsaye a kan tsohuwar tabarma maimakon a ja su a ƙasa, muka fitar waje muka ƙone. Ƙayar tsidau ce ta fi ba mu aiki, domin ɗansa yana rabuwa gida biyar, kowane da tsininsa, kuma yana iya shekaru a ƙasa bai mutu ba. Uwargida ce ta kawo dabarar jan tsohon buhun algarara a kan ƙasa, ƙayoyin su maƙale a jiki, sai a jefa buhun a wuta. Mun yi haka sau huɗu kafin yara su iya taka wurin. Akwai kuma 'yan tsirran muskit guda biyar da kashin awaki ya kawo, itacen nan mai ƙaya da aka shigo da shi Sudan a 1917 wanda yanzu ya addabi manoma a wurare da dama. Shi tun yana ƙarami ake tuge shi da saiwarsa, in ya shekara biyu sai da gatari da diga.

Daga nan na yi kuskuren da nake so mai karatu ya guje wa. Da na ga fili ya buɗe, sai na ɗauki toriya, wato babbar fartanyarmu ta nan, na sassare saman ƙasa sara mai kyau, na baje, sannan na sayi ruwa daga mai karo, wato amalanken jaki, na malala wa itatuwa don tausayin ƙishin da suka sha. Ruwan ya bi gangare ya jiƙa rabin hanyar. Kafin mako ya zagayo, rabin nan ya yi kore shar kamar an shuka albasa, ya ma fi yadda yake kafin in taɓa shi cika. Kawu da ya gani bai yi mini faɗa ba, dariya kawai ya yi ya ce na yi wa sa'ida dashe kuma na yi mata ban ruwa, saura taki.

Dalilin haka yana cikin yadda tsiron yake a ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya tona gindin sa'ida a hankali zai tarar da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe masu kama da aya, sai dai sun fi ta tauri da ɗaci, suna da ƙamshi in an fasa, kuma a jere suke kamar carbi, wata siririyar jijiya mai tauri ta haɗa kowace da 'yar'uwarta. Muddin carbin yana haɗe, ƙwayar da ke kan gaba ce take tsirowa, sauran suna kwance suna jira. Ranar da fartanya ta tsinka zaren, kowace ƙwaya sai ta zama mai gashin kanta, ta fitar da nata tsiro in ta sami laima. Wato saran da na yi bai kashe ko ɗaya ba, ya dai tashe su ne daga barci. Mafi yawan ƙwayoyin suna cikin santimita 15 na sama, ko da yake wasu kan nitse fiye da haka, kuma sabon tsiro yakan fara ajiye nasa ƙwayoyin cikin 'yan makonni da fitowarsa. Wanda ya cire ganye ya bar ƙwaya bai yi komai ba, sai fa in zai riƙa komawa yana cirewa kafin tsiron ya biya wa ƙwayar abincin da ya ci daga jikinta. Hanya mafi sauƙi ta gane ta kuwa ita ce a murza karanta tsakanin yatsu, za a ji yana da kusurwa uku, ba zagayayye ba ne kamar na sauran ciyayi.

Ba mu kaɗai take wahalarwa ba. A 1977 wasu masana ciyayi sun wallafa wani babban littafi a Amurka inda suka jera ciyayin da suka fi cutar da noma a duniya, suka sa sa'ida a matsayi na ɗaya, najil a na biyu, kuma ga su duka biyun a taku talatin da biyu na gidanmu. Wani abin da ya ba ni mamaki kuma shi ne binciken da aka fitar a 2014 game da wani tsohon wurin binne mutane da ake kira Al-Khidai, a gaɓar Farin Nilu kudu da Umdurman, inda aka gano alamar ƙwayar sa'ida a dattin haƙoran mutanen da suka rayu fiye da shekara 7,000 da suka wuce. Ashe abin da nake tonowa ina zagi, abinci ne ga waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan. Na ɗanɗana ɗaya don in ji, ban ƙara ba.

Najil kuma nasa salon daban ne. Shi yaɗo yake yi ta sama da ta ƙasa, kuma kowace gaɓa da ta taɓa laima sai ta kafa saiwa ta zama sabon gindi. Guntun da bai kai tsawon yatsa ba, in yana da gaɓa ɗaya, ya isa ya mayar da hanya yadda take cikin damina guda. Idan rani ya yi tsanani sai ya bushe ya yi fari kamar ya mutu, alhali jijiyarsa ta ƙasa tana da rai. Kiwo ba ya kashe shi, yanka ba ya kashe shi, shi ya sa ma ake shimfiɗa shi a filayen ƙwallo. Mai cewa a ɗaure akuya a wurin ta cinye shi, aski kawai zai yi masa, ya kuma sami kashin akuya cike da irin wasu ciyayin.

Abin da su biyun suka yi tarayya a kai shi ne rauni iri biyu: ba su jure bushewa in an fito da su sarari, kuma ba su son inuwa. A nan ne maganar Kawu ta zauna mini, da ya ce ciyawar damina da bazara ake kashe ta. Mutum yakan tuna da ciyawa ne a watan Agusta lokacin da ta rufe masa hanya, kuma a lokacin babu abin da zai iya face ya rage mata tsawo, domin duk abin da ya tuge ya yar, ruwan dare zai sake dasa shi. Amma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Madani yake wuce digiri 40 kusan kullum kuma da wuya a ga ɗigon ruwa daga sama, rana da kanta tana yin aikin da ake sayen magani dominsa. Manoman Jazira sun daɗe da sanin haka, shi ya sa gonar da sa'ida ta ci ƙarfinta akan yi mata huɗa mai zurfi da rani a bar ta a buɗe.

Bayan ƙaramar salla na fara. Da farko na yi wa kowane itace ɗan kewayen ƙasa a gindinsa, don ruwan da za a ba shi ya tsaya nan kada ya tsallaka hanya, na kuma hana kowa zubar da ko ruwan alwala a wurin. Da ƙasa ta bushe sarai, sai na shiga kaftu da diga, zurfin kamu ɗaya da ɗan ɗori, daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, taku huɗu ko biyar a rana, domin wanda ya ce zai yi wannan aiki da tsakar rana a watan Afrilu ba ciyawa ce za ta fara faɗuwa ba. Ƙasar Jazira baƙar laka ce, fiye da rabinta yumɓu ne zalla, in ta bushe takan tashi dunƙule-dunƙule kamar duwatsu. Wannan yana da muhimmanci, domin ƙwayar da ke tsakiyar babban dunƙule tana cikin sanyi da 'yar laima, rana ba ta kai gare ta. Don haka bayan kwana goma na koma na farfasa dunƙulen na juya, bayan wasu kwana goma na sake. Ƙwayar da ta kwanta a fili rana na dukanta mako ɗaya zuwa biyu takan yamushe ta yi sauƙi, in an fasa a ga cikinta ya bushe ƙamas, wannan ta mutu. A kowane juyi yara suna bina da tsohon kwano suna tsince ƙwayoyi da jijiyoyin najil, ina biyansu da alewa gwargwadon cikar kwano, kuma na lura cewa idon yaro ya fi na babba ganin su nesa ba kusa ba. Abin da aka tsince ba a zuba shi a juji ko a ramin taki, sai a baza a kan kwanon rufi ya ƙara bushewa, sannan a ƙone.

Mataki na biyu na karanta shi ne, ban gada ba, kuma Kawu ya kalle shi da shakka. Dabara ce da masana noma suka fara yaɗawa tun shekarun 1970: a jiƙa ƙasa sosai, a lulluɓe ta da farar leda mai nuna abin da ke ƙarƙashinta, a binne gefunan ledar kada iska ta shiga, a bar ta mako huɗu zuwa shida a lokacin da zafi ya fi tsanani. Zafin da ke taruwa a saman ƙasar yakan haura digiri 50, kuma da yake akwai laima, irin ciyawa yana kumbura ya dahu a inda yake. Dole ne ledar ta zama fara, ba baƙa ba. Baƙar leda ita ce take ɗaukar zafin a jikinta, kuma tsinin sa'ida yana huda ta kamar allura, alhali a ƙarƙashin fara tsiron yana ganin haske sai ya buɗe ganyensa tun bai huda ba, ya naɗe a ciki ya ƙone. Na shimfiɗa tawa a farkon Mayu, na ɗauke bayan babbar salla. Ruwan jiƙawar ya ci mini duro biyu a lokacin da ruwa yake da tsada, kuma iskar habub, guguwar ƙura ta nan, ta yage mini gefe ɗaya sau biyu kafin in gane cewa dutse ba ya riƙe leda, sai an tona rami an binne bakinta. Hukuncina a kanta shi ne ta gama da irin ƙarangiya da gude-gude da ke sama, ta kuma yaudari ragowar sa'ida ta tsiro ta ɓarnatar da ƙarfinta, amma ba ta kai ga ƙwayoyin da suka yi zurfi ba. Wanda zai zaɓi ɗaya tsakanin kaftu da leda, ya zaɓi kaftu.

Saura mako biyu ko uku ruwa ya sauka na gina hanyar. A ƙasa irin tamu shimfiɗa siminti kai tsaye ba ya ɗorewa, domin laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani har ta dare tsaga wadda hannu yake shigewa, simintin ya bi ta ya fashe, kuma kowace tsaga gida ce ga ciyawa, gidan da fartanya ba ta shiga. Abin da na yi shi ne na ɗaga tsakiyar hanyar ta ɗan fi gefuna tudu, kamar kunya mai faɗi, don ruwa ya gangara kada ya kwanta. Na shimfiɗa kwali ninki biyu, bakin kowane ya hau kan na kusa da shi, na zuba yashi, sannan ɓaraguzan jan bulo kaurin kusan santimita 10. Ɓaraguzai kuwa ba su da wuyar samu a garin yanzu, abin baƙin ciki. Na san gara za ta cinye kwalin kafin shekara, shi ya sa ban kai shi jikin bango ko kusa da ƙyauren katako ba, amma damina ɗaya ta duhu da zai ba ni ita ce nake bukata. A gefuna biyu na kafa jan bulo a tsaye, rabinsa a binne, na kuma bar ɗan siririn rami tsakaninsa da fangali, domin najil daga gefe yake rarrafowa, kuma yaɗon da ya zo tsallaka rami ana ganinsa a datse.

Inna ce ta ce a yi daɓe. Ta ba mu labarin yadda kakarta, wadda ta taso daga ƙasar Hausa a kan hanyar hajji ta zauna a nan, take cewa a can mata sukan taru da maɗaɓai suna waƙa suna dukan tsakuwa, ana yayyafa ruwan makuba har daɓen ya yi baƙi ya yi ƙarfi. Mu a nan babu ɗorawa balle makuba, don haka ruwa zalla muka yayyafa, muka daka da guntun katako mai nauyi, ita tana zaune a kan angarib, gadon igiya na nan, tana gyara mana inda muka tsallake. Amfanin daɓen ya bayyana daga baya: inda ɓaraguzai suka haɗe suka toshe, iri ba ya samun wurin maƙalewa, inda kuwa muka yi sakaci suka zauna sako-sako, nan ne ƙurar habub ta shiga ta cika ramukan ta zama ƙasar shuka. Wannan ne ya sa nake ganin tsintsiya tana cikin kayan yaƙi da ciyawa, daidai da fartanya. Hanyar da ake sharewa kullum ba ta tara ƙura da ganye da 'ya'yan darbejiya da jemagu ke yarwa, kuma abin da bai taru ba ba zai tsiro ba.

An ba ni shawarwari da yawa na magungunan gida, na gwada wasu, na ƙi wasu. Tafasasshen ruwa yana aiki a kan ƙananan tsirrai da ke fitowa tsakanin bulo, kuma yanzu uwargida ba ta zubar da ruwan da ta tsame taliya a ko'ina sai a nan, amma ba ya kai wa ga ƙwayar sa'ida, kuma ba zan ƙona gawayi musamman dominsa ba. Ruwan khal na girki yana ƙona ganyen jariran ciyawa in rana ta take, washegari kuma najil ya sake toho. Toka ba ta kashe komai, taki ce ma. Wuta tana cin sama ta bar ƙasa. Baƙin man inji da wasu ke zubawa guba ne wanda ya fi maganin kanti muni, kuma ba ya barin ƙasa. Gishiri ne nake so in ja kunne a kansa, domin shi aka fi yabawa kuma da gaske yana kashe ciyawa. Matsalar ita ce ba ya tsayawa inda aka zuba shi. Ruwan sama yana narkar da shi ya kai shi ga saiwar itatuwa, lemun tsami kuwa yana cikin itatuwan da ba su jure gishiri. Ƙasar Jazira dama tana da kanwa-kanwa a jikinta, kuma gishiri yana sa laka ta toshe ta daina shan ruwa, gyaran hakan kuma yana ɗaukar shekaru. Wani abokina ya zuba rabin buhu a hanyar gidansa shekarun baya, ciyawa ta mutu, bayan damina biyu lemunsa ya bi ta.

Ruwan Madani bai da yawa, wajen milimita 300 ne a shekara, amma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake zuba, saboda haka makonni takwas ɗin nan su ne jarrabawar. Na ɗora wa kaina bin hanyar kowace safiyar Juma'a da tsohuwar wuƙa mai tsawo. Duk tsiron sa'ida da ya leƙo, ina soka wuƙar a gefensa in ɗago shi da ƙwayarsa in ta samu, in ba ta samu ba in tsinke shi can ƙasa, tun yana da ganye biyu ko uku. A makon farko na Agusta na ƙirga arba'in da 'yan kai, a tsakiyar Satumba bakwai. Aikin bai taɓa wuce rabin awa ba, sai dai makon da na yi tafiya na tsallake, wanda na biya bashinsa ninki biyu. Na kuma lura cewa ɓangaren da ke ƙarƙashin gwaiba da darbejiya kusan bai fitar da komai ba, don haka na kafa sanduna a ɓangaren da ke fili na ɗora wa soso da kabewa su hau su yi rumfa.

Ba duk abin da ya tsiro na cire ba. Rijla, wani ganyen miya mai kara mai ruwa, ta fito a gefen rami, lalo ma ya fito, wanda a nan ake kira khudra, kuma da na kai hannu Inna ta ce, "Kai, bar mini miyata." Yarjejeniyar da muka yi ita ce abin da ke bayan bulo nata ne, abin da ya hau kan hanya nawa ne, da sharaɗin ta tsinke nata kafin ya yi 'ya'ya. Ita rijla, in an tuge ta ba a barinta kwance a wurin, domin karanta mai ruwa yana iya sake kafa saiwa, har ma ya nunar da irinsa bayan an cire shi, don haka daga hannu sai tukunya ko wurin kaji.

Wuri ɗaya ne ya gagare ni, wato kwanar famfo. Tun da ruwan famfo ya dawo, bakinsa yana ɗiga dare da rana, a nan ake wanke-wanke, a nan yara ke alwala, kuma taku uku na wannan kwana ba su taɓa bushewa ba. Daga cikin bakwai ɗin da na ƙirga a Satumba, biyar daga nan suka fito, kuma har cikin hunturu, lokacin da sauran hanyar take fes, nan tana kore. Na canza robar famfon, ɗigar ta tsaya, amma ruwan wanke-wanke bai tsaya ba. Na riga na sayi bututu mita shida da zan mayar da famfon gindin gwaiba, inda ruwan da ya zuba zai sami mai sha kuma inuwa za ta hana sa'ida sakewa. Idan Allah ya kai mu watan Afrilu, zan ɗaga ɓaraguzan wannan kwana, in kafta ta, in bar wa rana ita kwana talatin.